Na'urar Kunne: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

 

A ajina akwai wani dattijo mai ƙwazo. Rana ɗaya sai ya daina zuwa. Na same shi gida, ya ce: "Malam, ina ganin bakinka yana motsi, amma maganar ba ta isowa." Na ce ya je a auna kunnensa, ko a ba shi na'ura. Ya ce a'a, ya ji an ce tana kashe kunne. Shi ya sa yau za mu yi hira a kanta.

Na'urar kunne ƴar ƙarama ce. Ana maƙala ta bayan kunne ko cikinsa. Tana ɗaukar sauti, ta ƙara masa ƙarfi, ta zuba shi cikin kunne. Da pil take aiki kamar rediyo, wasu kuma caza su ake yi.

Na ɗaya, an ce tana kashe sauran ji. Wadda likita ya daidaita maka ba ta yin haka. Haɗarin yana ga ta aro, ko wadda aka saya a kasuwa babu awo. Ƙararta tana iya fin ƙarfin kunnenka. Tabarau ɗin maƙwabcinka ba ya yi maka karatu. Haka ita ma.

Na biyu, an ce tana warkar da kurumta. Ba magani ba ce, taimako ce. In ka cire ta, jinka ya koma yadda yake. Kwanakin farko za ka ji muryarka ta zama baƙuwa, ƙarar babur ta dame ka. Kada ka jefa ta cikin akwati. Sai an yi makonni kunne ke sabawa.

Na uku, an ce ta tsofaffi ce. A'a. Sanƙarau, kamar wanda ya auka wa Yamai a 2015, yana barin yara da raunin ji. Yaro da kunne yake koyon magana. In an kira shi bai waiwayo ba, a kai shi awo da wuri. Wanda na'ura ba ta isar masa ba, akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ a nan Yamai.

Na huɗu, ba duk mai raunin ji ke bukatarta ba. Wani dauɗa ce ta toshe kunnen, wani mugunya ce. Waɗannan aikin likita ne. Kada ku zura tsinke ko gashin kaza.

Na biyar, kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 430 ke bukatar taimako don raunin ji. Ba kai kaɗai ba ne.

Mai na'ura ya cire ta kafin alwala da wanka. Ya share mata ƙura, musamman da hunturu. Ya ɓoye pil, kada yaro ya haɗiye.

Ina za a je? A fara da likita mafi kusa. Su za su tura ka wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai.

Dattijon nan ya je. Yanzu yana zaune a layin gaba, yana rubuta wasiƙa da hannunsa. Wa kuka sani da ya daina zuwa aji? Ku je ku tambaye shi dalili. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.