YARA DA MAGANAR SIYASA

Jawabi ga Hakimai da Malaman Hakimai na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Wannan jawabi ya shafi ko wane gida, domin magana ce a kan yadda ya kamata manya su yi wa yara bayanin siyasa a lokacin da su kansu manyan hankalinsu bai kwanta ba game da gobe. Bayan da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu, 2023, tsadar hatsi da ta taki da kuɗin mota ta zama ita ce hirar zaure da ta kasuwa, tun daga Bamaina har Sara da Basirka. Magidanci ya kan numfasa ya ce ƙasa ta lalace, bai kuwa lura ba ɗansa yana bakin ƙofa yana saurare. Abin da yaron nan zai yi da maganar da ya ji, shi ne abin dubawa.

Dokar 1958

Wannan damuwa ba yau aka fara ta ba. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano cikin 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa cikin 1951. A zamanin nan Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Lardin Kano, ƙarƙashin En'e ta Kano. Da hamayya ta yi zafi sai hukuma ta ga yara suna faɗawa cikinta. Sabo da haka cikin 1958 Majalisar Jihar Arewa a Kaduna ta yi Dokar Yara da Matasa. Kashi na takwas na dokar ya hana yaron da bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ya kuma ajiye hukunci ga babban da ya sa shi.

Wani ɗan hamayya mutumin Offa a Lardin Ilori, J. S. Olawoyin, ya kai ƙara, ya ce shi uba ne, yana so ya koya wa 'ya'yansa siyasa, dokar kuwa za ta tare masa hanya. Cikin 1961 Kotun Ƙoli ta Tarayya a Ikko ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa bai nuna dokar ta riga ta taɓa shi ba. Watau kotu ba ta yanke wa iyaye abin da za su faɗa wa 'ya'yansu ba, maganar ta koma gida inda ta fito.

A nan akwai abu biyu da ya wajaba a rarrabe. Sa yaro cikin siyasa daban, sanad da shi sha'anin mulkin ƙasarsa daban. Na farko shi ne a ba shi tuta ko gora a ɗora shi bayan mota, cutarwa ce. Na biyu kuwa tarbiyya ce, hakki ne a wuyan ubansa. Wanda ya gudu daga na biyu don tsoron na farko, ya bar ɗansa a hannun wanda zai fara kiransa.

Abin da ya faru cikin 2024

Ran 1 ga Agusta, 2024, aka soma zanga-zanga a kan tsadar rayuwa a jihohi da yawa. A Jigawa abin ya kai ga ɓarna har Gwamnati ta sa dokar hana fita dare da rana. Cikin waɗanda aka kama a waɗansu jihohin Arewa akwai yara. Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar da ta haɗa har da cin amanar ƙasa, bayan sun yi kusan wata uku a tsare, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Ran 4 ga Nuwamba Shugaban Ƙasa ya ba da umurni a sake su.

Tsakanin dokar Kaduna da wannan shari'a shekara 66 ke nan. Doka tana iya hana yaro zuwa wurin lacca, amma ba ta iya toshe masa kunne, balle yanzu da lacca ke iske shi har ɗaki ta rediyo da wayar hannu. Shirun manya ba ya kāre yaro, sai dai ya sa wani ya yi masa bayani a madadinsu.

Abin da ya kamata a faɗa wa yaro

Na ɗaya, a gaya masa gaskiya gwargwadon shekarunsa. A ce yaro ɗan shekara takwas ya tambayi ubansa, "Baba, wai yaƙi za a yi?" Ba daidai ba ne a daka masa tsawa, ba daidai ba ne kuma a sauke masa duk nauyin da ke zuciya. Ya isa uban ya ce, "Ina ka ji wannan? Zo ka zauna. Abinci ya yi tsada, mutane suna fushi, manya suna neman mafita. Kai aikinka karatu, gobe kuwa da ni za mu gona." Yaro ƙarami abin da ya ke nema shi ne ya san akwai babba a kansa. Ɗan shekara goma sha huɗu kuwa, a bar shi ya faɗi abin da ya ji tukuna, sa'an nan a tambaye shi wa ya faɗa, ina kuma shaidarsa.

Na biyu, a ba shi tarihin ƙasarsu. Dattijon da aka haifa a Gwaram cikin 1950 ya ji labarin kisan Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa ran 15 ga Janairu, 1966, yana saurayi. Ya ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Ya ga an ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, da Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991. Ya ga ɗan wannan ƙasa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ya hau kujerar Gwamna cikin Janairu, 1992, soja suka rushe mulkin farar hula cikin Nuwamba, 1993, bai cika shekara biyu ba. Ya kuma ga mulkin farar hula ya komo cikin 1999. A ko wane ɗaya daga cikin waɗannan lokatai manya sun tsorata, an yi hasara ta gaske, duk da haka aka yi shuka aka girbe. Jikan da ya ji wannan daga bakin kakansa ba zai ɗauka cewa a kansa aka fara wahala ba.

Na uku, a nuna masa cewa akwai hanyar gyara wadda ba ta jifa da ƙone-ƙone ba. Misali yana nan kusa. Kakanninsa sun biya haraji da jangali shekara da shekaru, bayan zaɓen 1979 Gwamnatin Jihar Kano ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke su, har da nan Birnin Kudu da Gwaram. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, amma a na 1979 sun jefa. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ɗan shekara 18 ikon zaɓe, gyaran da aka yi cikin 2018 kuma ya rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da ta Jiha daga 30 zuwa 25. A gaya wa yaro lokacinsa na zuwa, abin da zai shirya masa kuwa ilmi ne da sana'a.

Na huɗu, a koya masa cewa abokin hamayya ba abokin gāba ba ne. Manyan 'yan siyasa su kan sāɓa bana su shirya baɗi, su haɗu wurin ɗaurin aure suna raha. Yaron da aka cusa wa ƙiyayyar gidan maƙwabci shi ba ya sauya sheƙa tare da su, da ita zai girma. Uba yana da ikon faɗa wa ɗansa jam'iyyar da ya ke so da dalilinsa, amma kada ya zagi limami ko malami ko suruki a gabansa sabo da ƙuri'a.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Tun bayan 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, abin da ya rage a hannun hakimi shi ne girma da jin magana. A wannan aiki kuwa su a ke bukata. Kafin a buɗe yaƙin neman zaɓe, ya kamata hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantu, ya karanta musu waɗannan abubuwa huɗu, su kuma su kai su zaurukan gari. Kada a manta da iyaye mata, gama su yara suka fi yi wa tambaya. A ba malaman tsangaya kulawa ta musamman, domin almajiri iyayensa suna nesa, shi ya fi saukin ɗauka da 'yan kuɗi kaɗan.

Malamin hakimi shi zai rubuta ranar taro da waɗanda suka halarta da abin da aka zartar. In labari ya zo cewa ana tara yara a wani ƙauye ana ba su kuɗi ko makami ko ƙwaya, ya rubuta rahoto ba da jinkiri ba zuwa Majalisar Sarki a Dutse, da kofe ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da 'yan sanda, ko wace jam'iyya ce kuwa. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙi. Ran da talakawa suka ga hakimi ya tsawata wa wannan gefe ya kau da kai daga wancan, daga ran nan nasiharsa ta zama lacca, ba kuwa wanda zai aiko ɗansa ya saurara.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaran da ke zaune bakin zaure yau su ne dagatai da limamai da masu jefa ƙuri'a na nan gaba, abin da suka ji daga manyansu kuwa da shi za su yi aiki. Allah ya shiryi zuriya, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.