Ranar da na manta da cewa "albarka"

Ina gode wa shugabannin wannan ƙungiya da suka tare ni tun ban gama kwance jaka ba, suka ce tunda na zo hutu sai na tsaya gabanku na faɗi yadda ɗiya mace ke aiki a babban kampani a ƙasar waje har ta kai ga albashi mai tsoka. Na ce to, amma da sharaɗi guda: zan yi maganar kuɗi da adadinsu. Na lura mu nan in zance ya biyo ta kan albashi sai kowa ya ce "alhamdu lillahi" ya ja bakinsa ya tsuke, kuma ni wannan shirun ya ci mini kuɗi ba kaɗan ba.

Nan Damagaram aka haife ni. Babana malamin lakwal ne, innata kuwa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa a kasuwar Dole. Na ci bak G2, na tafi Yamai jami'ar Abdu Mumuni na yi lisansi, daga nan na wuce makarantar CESAG ta Dakar na yi masta kan binciken lissafin kuɗi, wato odit. Yau shekarata 11 a Abijan. Na fara a wani ofishin odit, yanzu ni ke riƙe da sashen kuɗi na wani kampani mai rassa a ƙasashe huɗu.

Masu neman abin da za su karanta, ku ji dalilin da ya sa wannan hanya ta buɗe mini. Ƙasashe 17 na Afirka, har da Nijar, suna cikin yarjejeniyar OHADA da aka sa wa hannu a 1993, kuma tsarin lissafinsu ɗaya ne, SYSCOHADA. Abin da kika koya a aji a Yamai shi ake aiki da shi a Abijan da Dakar da Lome. A ƙasashe 8 na UEMOA kuɗin ma ɗaya ne, sefa. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA. Babban banki BCEAO yana Dakar, kasuwar hannun jari BRVM tana Abijan, Bankin Raya Afirka shi ma ya dawo Abijan daga Tunis a 2014. Inda irin waɗannan suka taru, nan manyan kampanoni ke kafa hedkwata, nan kuma ake neman masu lissafi.

To, bari in zo ga abin da ya kawo ni. Bayan wata shida ina istaj, aka kira ni za a ɗauke ni aiki. Matar da ke kula da sha'anin ma'aikata ta dube ni ta ce, "Nawa kike so a biya ki?" Wallahi sai na ji kamar an tambaye ni wa nake so a gaban babana. Na sunkuyar da kai na ce, "Duk abin da kuka ga ya dace." Ta rubuta jika 350 a wata. Na fito ina rawar jiki don murna, don babana har ya yi ritaya bai taɓa riƙe albashin da ya kai wannan ba.

Shekara ɗaya da rabi ina aiki kamar jakar ɗaukar ruwa. Wanda bai san odit ba, ga yadda take. Kampanoni suna rufe lissafinsu ran 31 ga Disamba, doka kuma ta ba su wata huɗu su kammala takardun shekara, saboda haka daga Janairu zuwa Afrilu ba ka da dare ba ka da Asabar. Na ci sabuwar shekara a cikin sito a San Pedro ina ƙirga buhunan koko. Ban yi gunaguni ba.

Wata rana da tsakar rana muna cin garba ni da wani abokin aikina. (Garba abinci ne na aceke da soyayyen kifi, kuma ƴan uwanmu ƴan Nijar ne suka shahara da sayar da shi can, har ana cewa daga sunan Garba ya samo sunansa. Duk lokacin da na yi kewar Hausa, wurin mai garba nake zuwa.) Rana ɗaya aka ɗauke mu da wannan yaro, difloma iri ɗaya, kuma sau da yawa ni ke gyara masa aikinsa. Yana ta kukan cewa jika 450 ba ta isar mutum a Abijan. Na ce nawa? Ya maimaita. Na ce yaya aka yi? Ya ce, "An taya 350, na ce 500, muka tsaya 450. Ke ba ki yi ciniki ba?"

Kifin nan ya tsaya mini a wuya. Jika 100 sau wata 18, miliyan 1 da jika 800 ke nan. Kuma ba nan asarar ta tsaya ba, don ƙarin albashi na shekara da kashi cikin ɗari ake yin sa. In an ƙara mana kashi 10 mu biyu, shi ya samu jika 45, ni 35. Kowace shekara ratar ƙara buɗewa take.

A daren nan innata na tuna. Tun ina ƙarama nake zama gefenta a Dole. In mutum ya taya kwalbar mai ƙasa da kuɗinta, ba ta fushi, ba ta ɗaga murya, sai ta ce "albarka" ta ci gaba da jera ƙuli-ƙulinta. Mace mai kunya ce ƙwarai, har yau ba ta faɗin sunan yayana don shi ne ɗan fari. Amma ba a taɓa sayen kayanta a tayin farko ba, kuma ban taɓa jin an ce ba ta da tarbiyya ba. Ni da na yi karatu har Dakar, na kai kaina kasuwa, aka taya, na ce na sallama.

Ban tafi ofishin darakta washegari da fushi ba, kuma ina roƙonku kada ku yi haka. In kika shiga kina cewa "wane ya fi ni", an gama da ke: za a ce sirrin albashi kuke fallasawa, ki kuma jawo wa wanda ya gaya miki matsala. Abin da na yi, na sayi kaye na fara rubuta aikina. Kampani kaza, na gano kuskuren haraji na miliyan kaza. Ranar kaza, na riƙe tawaga saboda shugabanmu ba shi da lafiya, aka gama kan lokaci. Mu mata muna da wata ɗabi'a ta jiran a gani a yaba. Darakta yana da mutum arba'in a ƙarƙashinsa, ba ya gani. Ba mugunta ba ce, hankalinsa na wani wuri.

Sannan na nemi sanin farashina. Na tambayi waɗanda muka yi aji ɗaya a Dakar, kuma da gangan na fi tambayar maza, don in mata kaɗai kika tambaya za ki ji farashin waɗanda su ma ba su yi ciniki ba. Na kuma jira lokaci. Kampanoni suna tsara kasafin shekara mai zuwa wajen Oktoba da Nuwamba. In kika zo neman ƙari a Fabrairu, ko darakta na son ki zai ce kasafi ya rufe. A Oktoba na nemi ganinsa, na buɗe kayena, na karanta, na ce ina son jika 520. Ya yi dariya ya ce ashe ina magana. Ya ce 430. Zuciyata na bugawa kamar ganga, na ce masa da faransanci abin da innata ke faɗi da kalma ɗaya. Muka tsaya 480. Bayan shekara biyu wani kampani ya neme ni, na tafi da takardar tayinsu a hannu, daga nan ne albashina ya haura miliyan.

Ku koyi karanta takardar albashi tun kafin ku sa hannu a kwantiragi. Akwai burut, akwai net, wato abin da ke shiga hannunki bayan an cire haraji da kuɗin CNPS, asusun fansho. In an faɗa miki adadi, tambayi wanne ne. A Kodibuwa albashi hawa-hawa yake: akwai na matakin da aka sa ki, wanda yarjejeniyar ma'aikata ta ƙayyade, akwai ƙarin da ake ɗorawa a kai, sursaler, kuma yawancin cinikin a nan yake. Sai kuɗin mota, kuɗin ƙarshen shekara, da inshorar lafiya. Tambayi kashi nawa inshorar ke biya, da ko ta haɗa da haihuwa. In kampani ya ce ba zai ƙara kuɗi ba, ki ce ya biya miki karatu. Ni haka na yi DESCOGEF, matakin da ake bi kafin zama ƙwararren akanta a UEMOA, haka kuma na koyi Ingilishi, wanda in ba shi akwai kujerun da ba za ki taɓa hawa ba.

Kada adadin ya ruɗe ku kuma. Mafi ƙarancin albashi a Kodibuwa jika 75 ne tun Janairun 2023, sai ki ga kamar mai jika 400 sarauniya ce. Jeki neman ɗaki. Doka ta yarda mai gida ya karɓi wata biyu na ajiya da wata biyu na haya tun gaba, ga kuɗin dillali. Shekarata uku ina Yopugon, ina fita ƙarfe biyar da rabi na asuba don in riga cunkoso zuwa Filato.

Wani ya aiko tambaya a rubuce kan mayafi. Da shi nake aiki tun ranar farko, ba wanda ya ce in cire. Abin da ya fi damuna wani abu ne daban: da yamma maza sukan tafi maki su zauna su sha, kuma can ake jin wace kujera za ta faɗi, wa za a aika wace ƙasa. Ni ba na zuwa. Sai na mayar da abincin rana wurin hirata, kowane sati in gayyaci mutum ɗaya daga wani sashe. Akwai kuma rubuta bayanin taro da zuba shayi, da kullum sai a dubi macen da ke wurin. Na yi sau uku, a na huɗu na kawo takarda mai sunayen kowa na ce mu riƙa yi bi da bi.

Ciniki na biyu ya fi na darakta wuya, don da gida aka yi shi. Da labari ya iso cewa ina Abijan a babban kampani, wayata ta zama kamar ta gidan rediyo: suna, biki, asibiti, kuɗin lakwal, jarin da kullum yake karyewa. Ba na ƙin zumunci, da kuɗin man gyaɗa aka yi mini karatu. Amma na kai shekara huɗu ina aiki ba ni da ko jika 200 a ajiye. Ran da na kwanta ciwo na rasa mai ranta mini, na zauna na yanka adadi: na Inna da Baba kowane wata, ba fashi, na karatun ƙannena biyu, da wani ɗan abu na larura. In ya ƙare ya ƙare. Yayana ya yi wata biyar ba ya ɗaukar wayata. Ya ce, "Ke yanzu kin zama nasara." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, in na faɗi can ba mai ɗaga ni." Mun shirya daga baya. Da abin da na tara na sayi fili nan garin, takarda da sunana.

Akwai abin da ban iya cinikinsa ba. Babana ya rasu a watan Maris, tsakiyar rufe lissafi. An gaya mini jikin ya yi tsanani ran Talata, na ce bari in miƙa rahoto ran Juma'a in taso. Ran Alhamis da asuba aka kira ni. Ba wanda ya hana ni tafiya, ni ce ban nemi izini ba, kunyar tambaya ta sake kama ni. Na iso ana sadakar uku. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Maganar aure na san tana bakin da yawanku. Na yi, ina da ɗiya biyu, na ɗauki hutun haihuwa na sati 14 da doka ta ba ni duka biyun ban rage ko kwana ɗaya ba. Sauran bayanin sai mun keɓe da mata.

Da na ba innata labarin jika 350 ɗin nan, shekaru bayan abin ya wuce, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Ke, tayin farko kika sallama? A gabana kika girma kuwa?" Har yau in na kira ta na ce an yi mini ƙari, ba ta tambayar nawa aka ba ni, sai ta ce nawa suka fara tayawa.

Na ga mai koren mayafi can baya ta ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata makirfo, bismilla ƙanwata.