IN CIWO YA KAMA BAƘO A KUMASI

Jawabi don masu karatun manya, kamin lokacin tahiya ci-rani



In an gama girbi, an sa hatsi rumbu, samari da magidanta da yawa suna ɗaukar hanya. Wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Gana. Masu albasar Galmi da Madawa sun san Kumasi kamar garinsu. Amma sanin kasuwa daban, sanin gidan likita daban. Mutum yana iya shekara uku a Kumasi bai san ƙofar da zai bi ba ranar da jikinsa ya ƙi.

A ɗauki misalin wani saurayi ɗan Adar da ke sauke buhunan albasa. Massassara ta kama shi cikin watan Janairu. Ya ce ba ta sauro ba ce, tunda a gida massassarar sauro ta damina ce. Ya sayi ƙwaya wajen mai shago, ya sha, ya koma aiki. Kwana huɗu yana haka. Ran na biyar ya faɗi, abokansa suka ɗauke shi a mota. Da aka gwada jininsa, massassarar sauro ce. Abin da bai sani ba shi ne, Kumasi ƙasar kurmi ce. Ruwa yana da yawa, sauro ba ya ƙarewa. Ana kamuwa da ita kowane wata na shekara. Da ya je da wuri, da maganin kwana uku ya ishe shi. Sai da ya kwanta asibiti, kuɗɗin da ya tara don aure suka tahi.

Shirin yana farawa tun daga gida. Gana tana neman katin allurar shawara ga mai shiga ƙasar, wannan kati mai ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, saboda haka ba ranar tahiya ake yin ta ba. Tun shekarar 2016 allura guda ta isa har iyakar rai. Wasu suna sayen katin a tasha ba tare da allura ba. Kati yana wuce da mutum kan iyaka, amma ba ya tsare shi daga ciwo. Wanda yake da karnen likita na gida, ko yake shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, ya tahi da karnen da kwalin maganin. Likitan can ko bai ji Faransanci ba, zai gane sunan magani a jikin kwali.

Gidajen likita na Gana hawa-hawa ne, kamar namu. Akwai ƙanana na ƙauye da unguwa, akwai asibitin gunduma, akwai manya. Babban asibitin Kumasi sunansa Komfo Anokye. Na Ankara, babban birni, sunansa Korle Bu, an buɗe shi tun 1923. Baƙo yakan so ya nuhi babban kai tsaye, yana ganin can ne magani yake. Sau da yawa wahala ce kawai yake saya. Manya an yi su don waɗanda ƙananan suka turo da takarda, da masu hatsari. Mai massassara, ko zawo, ko ƙurji, ya fara da na kusa da masaukinsa. In abin ya hi ƙarhinsu, su za su rubuta mishi takardar wucewa gaba. In kuwa hatsari ne, ko jini mai zuba, ko suma, ba a jiran takarda. Lambar gaggawa a Gana 112 ce.

Sai maganar kuɗɗi. A da, a Gana, sai an biya kamin a duba mutum. A 2003 gomnatinsu ta yi dokar inshorar lahiya, wadda suke kira NHIS. Mutum yana zuba kuɗɗi sau ɗaya a shekara, a ba shi kati. In ya yi ciwo, katin yana biyan ganin likita da gwaji da magunguna da yawa, amma ba duka ba. A 2008 aka sa mata masu ciki cikin waɗanda ake duba kyauta. Dokar 2012 ta ce duk mai zama cikin ƙasar ya shiga. Baƙon da zai daɗe ya je ofishinsu da takardunsa tun yana da lahiya, ya ji abin da suke nema. Ya tambayi ranar da katin zai fara aiki, don sabon kati ba kullum yake aiki ranar da aka yi shi ba. Katin yana mutuwa bayan shekara, ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. Wanda ba shi da kati zai biya da sidi, kuɗɗin Gana. Ba a karɓar sefa a wurin biya. Kome ya biya, ya karɓi rasit.

Aron katin wani kuwa, a bar shi. An ɗauki hoton mai katin da zanen yatsunsa. Ko an wuce ba a gane ba, ciwon wani ne za a rubuta cikin takardun wani. Wata rana mai katin zai zo, likita ya karanta abin da ba nasa ba.

Ranar zuwa, a yi sammako. Layi yana da tsawo. Da farko akwai wurin rubuta suna. Nan baƙo yake fara tuntuɓe. Takardunmu da rubutun Faransanci aka yi su, Usmanu an rubuta shi Ousmane. Magatakardan can da Turancin Ingilishi ya saba, zai rubuta yadda kunnensa ya ji. Gobe in mutum ya komo, a nemi takardarsa a rasa. Maganin abin shi ne ya miƙa katinsa na ɗan ƙasa a kwafa suna yadda yake. Shekaru ma haka. Ɗan katin da za a ba shi mai lamba, ya adana shi kamar kuɗɗi. Daga nan za a auna nauyinsa da zahin jikinsa da bugun jininsa. Sannan ya zauna jiran kira.

Wurin likita shi ne inda magana take da nauyi. Ma'aikatan Kumasi Ingilishi suke yi da Tonanci, harshen Asante. Ana samun mai jin Hausa cikinsu, musamman kusa da Zango, amma ba kullum ba. Baƙo ya tahi da mai fassara. Mai masaukinsa ko dattawan Zango za su samo mishi. Sai dai ya zaɓi wanda ba ya jin kunyarsa. Mutum da yawa sun je da ciwon mara ko na gaba, suka ga ƙanen matarsu ne mai fassara, suka ce ciwon kai. Likita ya ba da maganin ciwon kai. Mace tana iya roƙon a samo mata mace.

Kalmominmu na ciwo ba su ƙetare iyaka da kyau. In Bahaushe ya ce zahi gare shi, ko sanyi, ko ɗan kanoma, ƴan gida sun gane. In aka juya zahi zuwa Ingilishi, likita zai ɗauka zahin rana ake nuhi. Gara mutum ya nuna wurin da hannu. Ya faɗi kwana nawa. Ya faɗi ko da amai, ko da jini, ko hitsari ya sake launi. Ya faɗi abin da ya riga ya sha, har jiƙo da sassaƙe da ƙwayar ƙarhin aiki irin Tramadol. Likita ba alƙali ba ne, ba zai kai shi wurin ƴan sanda don jiƙon sabara ba. Amma in bai sani ba, yana iya haɗa maganin da ba su jituwa. Mai azumi ma ya faɗa.

Baƙo yakan ji haushi in ba a yi mishi allura ba. Yana ganin an rena shi. Ba reni ba ne. Massassarar sauro ana tsaga ɗan yatsa a gwada, cikin minti 20 a sani. In ba ta yi tsanani ba, ƙwaya ce ta kwana uku, kuma sai an shanye ta ko jiki ya yi sauƙi. Kamin ya bar wurin karɓar magani, ya sa a nuna mishi: nawa, sau nawa, kamin abinci ko baya. In an rubuta 1-1-1, ɗaya da sahe ke nan, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Wanda ya iya rubutu ya rubuta da Hausa a jikin takardar.

Akwai abin da baƙo ba ya tunawa sai ya zo. In za a ƙara wa mara lahiya jini, sau da yawa ana neman danginsa su ba da nasu a madadi. Ɗan ci-rani danginsa suna Tawa ko Maradi. Abokan ɗaki su ne danginsa a ranar. Mai lahiya in ya ba da leda guda, jikinsa yana mayar da ita.

Wanda aka samu da tarin huka, maganinsa wata shida ne, kuma kyauta ne a Gana da Nijar. Damina takan kira mutum gida tun bai gama ba. Kada ya taso haka nan. Ya gaya wa ma'aikatan zai koma Nijar, su ba shi takarda mai nuna ranar da ya fara da irin maganin da yake sha, da guzurin ƙwaya na hanya. Yana isa gida, kamin ya ɗauki kalme, ya kai takardar gidan likita na garinsu.