Shin Ana Sake Ɗura Gas A Ƙaramar Tukunyar Hita?

   

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu, mai sayar da dankalin Turawa a Jos. Ya ce ya sayi hita, watau na'urar ɗumama ɗaki, a wajen 'yan gwanjo, irin wadda a ke ɗauka da hannu kamar rediyo. Ya saya ne domin mahaifiyarsa, tsohuwa ce, sanyi na wahal da ita. Hitar ta zo da 'yan ƙananan tukwanen gas guda biyu korra, kowace ba ta fi gwangwanin madarar gari girma ba. Dare uku kacal duk suka ƙare. Da ya je wurin mai sayar da gas na bakin hanya, sai ya ce masa yana da wani ƙarfe da a ke haɗa ƙaramar da babba a ɗura mata. Shi ne ya ke tambaya, ya ba da a ɗura, ko kuwa akwai haɗari?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya saka maka da alheri bisa kula da mahaifiya. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka ba da. Amma da ya ke ni tsohon malamin makaranta ne, na san in ka hana yaro abu ba ka gaya masa dalili ba, kana juya baya zai koma. Saboda haka ka gyara zama in yi maka bayani dalla-dalla.

Da farko, wannan 'yar tukunya daga Amurka ko Kanada ta fito. Can ne a ke yawan amfani da ita, mafarauta da masu kamun kifi a kan ƙanƙara da masu kwana a daji cikin tanti su ne manyan masu sayenta. Gas ɗin da ke ciki sunansa furofen, nauyinsa laba 1, watau bai kai rabin kilo ba. In an ƙure wutar hita, awa 3 ya ke yi ya ƙare, in an rage kuma ya kai awa 5 ko 6. Ka ga ke nan ba cutarka aka yi ba, iyakar cikinta ke nan.

Su ma can wannan tambaya taka tana damunsu, domin sayen ƙananan ya fi tsada nesa ba kusa ba in aka gwada da ɗura babbar tukunya mai laba 20. Don haka wasu su kan sayi wancan ƙarfen haɗi su riƙa ɗurawa da kansu a gida. Amma ɗauko taka ka juya ta, ka sa wani mai Turanci ya karanta maka rubutun jikinta. Za ka ga alamar DOT-39, ma'anarta tukunyar da aka ƙera don a cika sau ɗaya tak. Za ka kuma ga gargaɗi cewa dokar tarayyar Amurka ta hana ɗaukarta a hanya in an sake cika ta, kuma hukuncin ya kan kai tarar dala 500,000 da ɗaurin shekara 5. Ƙasar da ta ƙera abin ke nan ta ke faɗin haka da bakinta.

Me ya sa? Dalili na farko shi ne jikin tukunyar. Ku manoma kun san bambancin buhun algarara da buhun takarda na siminti. Na algarara a zuba a juye, a zuba a juye, shekara da shekaru. Na takarda kuwa tafiya ɗaya aka yi shi dominta, in ka sake ɗura masa kaya ko bai yage yau ba zai yage gobe, kuma ba zai gaya maka ranar ba. Haka wannan 'yar tukunya ta ke. Ƙarfenta siriri ne, bai kai kaurin na tukunyar girki ba. Duk lokacin da aka cika ta ƙarfen ya kan ɗan buɗe, in ta ƙare ya koma, a haka ya ke gajiya. Bawul ɗin bakinta ma ɗan ƙarami ne, ya yi kama da na tayar mota, da an matsa masa sau da yawa sai ya daina rufewa ruf, ya riƙa tsiyaya a hankali. Balle taka da ta sha jirgin ruwa da rana da tsatsa kafin ta iso hannunka.

Dalili na biyu ya fi na farko muhimmanci, a saurara da kyau. Abin da ke cikin tukunya ruwa ne, ba iska ba. Girgiza ta ka ji. An matse iskar ne da ƙarfi har ta zama ruwa, kuma lita 1 ta wannan ruwa in ta fito fili ta kan zama wajen lita 270 ta iska. Shi kuma wannan ruwa yana kumbura in ya ji zafi, kumburinsa ya ninka na ruwan sha wajen sau 17. Wanda ya taɓa barin jarkar fetur a rana ya ga yadda ta ke cika ta yi tim, ya san abin da na ke nufi. Saboda haka ne a ƙa'ida ba a cika tukunyar gas fal. Kashi 80 cikin 100 a ke zubawa, a bar kashi 20 ya zama wurin numfashi.

To yaya mai bakin hanya zai san ya kai kashi 80? A Amurka, tun shekarar 2002 ba a ɗura wa tukwane masu laba 4 zuwa 40 gas sai suna da wani abu a ciki mai tsayar da ɗurin da kansa in ya kai iyaka. Ita wannan ƙaramar ba ta da shi. Masu ɗurawa a gida dabararsu ita ce su sanyaya ƙaramar a firji, su kifa babbar, domin ruwan ya gangara da sauri. To a nan gizo ke saƙa. Tukunya mai sanyi ta kan sha fiye da ƙima. Ka ɗauke ta da safe cikin sanyin Jos tana lafiya lau, ka jefa ta a but ɗin mota ko ka rataya a babur, rana ta buɗe, ko kuma ka kai ta ɗaki ka ɗaura a jikin hita mai zafi. Ruwa ya kumbura, babu wurin zuwa. Imma dai bawul ɗin kariya ya buɗe ya feso gas a inda ta ke, ko kuma ƙarfen ya tsage. In a kusa da wuta ne, sai dai inna lillahi. Masu sauraronmu na Sakkwato da Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, su ƙara riƙe wannan da kyau.

Dalili na uku shi ne lokacin ɗurin kansa. Ba a haɗa tukunya da tukunya ba tare da wani abu ya tsere ba. Shi gas ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa ya ke bi kamar ruwa, ya shiga kwata, ya shiga ƙarƙashin benci, ya je har wurin mai shayi ko mai tsire da ke maƙwabtaka. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ruwansa kuma in ya fesu a hannu ƙuna ya ke yi irin ta tsananin sanyi, domin a digiri 42 ƙasa da sifiri ya ke tafasa. Ba mu manta da abin da ya faru a Sabon Tasha cikin Kaduna ba, ranar 4 ga Janairu, 2020, inda gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a bakin titi. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya a lokacin. Wutar gas ba ta tambayar wane ne mai shago, wane ne mai wucewa.

Na san abin da za ka ce, Malam. Za ka ce ai wane ya ɗura sau goma ba abin da ya same shi. Gaskiya ne, ba kullum ta ke fashewa ba, shi ya sa mutane ke sakewa da ita. Amma lissafin ɗan kasuwa za mu yi. Ribar da za ka ci kuɗin gas ne na rabin kilo. Abin da ka ajiye jingina kuwa ɗakinka ne da tsohuwar da ke kwance a ciki, wadda ba ta iya gudu. Wane ɗan kasuwa ne zai karɓi wannan ciniki? Kada garin neman gira a rasa ido.

To mene ne mafita? Akwai ƙananan tukwane masu laba 1 da aka ƙera musamman don a riƙa sake cikawa, ƙarfensu ya fi kauri, bawul ɗinsu ma daban ne, kuma an rubuta haka a jikinsu. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a 2024 cewa daga 1 ga Janairu, 2028, irin waɗannan kaɗai za a riƙa sayarwa a jihar. In ka sami irinta, to ita ma a wurin da ke da lasisi da sikeli za a cika ta. Hanya ta biyu, yawancin waɗannan hitoci a kan haɗa su da babbar tukunya ta hanyar tiyo na musamman, a ajiye babbar a waje, tiyon kaɗai ya shigo. Amma ka sani, bakin tukwanenmu ba iri ɗaya ne da na Amurka ba, gas ɗinmu na girki kuma gauraye ne da wani mai suna butan. Saboda haka ƙwararre za ka kai wa ya duba. In ka ga ya ɗauko robar tayar keke zai ɗaure mahaɗa, karɓi kayanka ka yi gaba. In duk babu hali, ƙarin bargo da rigar sanyi da safa, da kwalbar ruwan ɗumi a naɗe a zane a sa wa tsohuwa wajen ƙafa, sun fi hita mai haɗari.

Sauran jama'a masu ƙananan tukwanen girki na kilo 3 da kilo 6, ku ma maganar ta shafe ku. Naku an yi su ne don sake cikawa, amma da sharaɗi. A jikin kowace an buga nauyinta in babu komai a ciki. Ku sa a auna a gabanku kafin ɗuri da bayan ɗuri. Mai kilo 6 ta sha kilo 6, ko da mai sayarwa ya ce zai yi muku gyara, ku ce kun gode. Gyara a kwanon gero alheri ne, a tukunyar gas kuwa masifa ce. Tukunyar da ta lotsa, ko tsatsa ta cinye gindinta, ko aka yi mata walda, ta gama aiki. A ɗauke ta a tsaye, a ajiye ta a tsaye, a inuwa. In kuna zargin tsiyaya, ku shafa ruwan sabulu a mahaɗa, in ya yi kumfa to tana yoyo. Kada a gwada da ashana.

Shi gas asalinsa ba shi da wari, da gangan a ke sa masa wani sinadari mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai domin hanci ya faɗakar da mu. In ka shiga ɗaki ka ji wannan wari, kada ka kunna wutar lantarki, in kuma a kunne ta ke kada ka kashe, domin makunni na yin tartsatsi. Rufe bawul, buɗe ƙofa da tagogi, fitar da mutane, ka kai tukunyar fili nesa da wuta da rijiya da kwata. In abin ya fi ƙarfinka, a kira 'yan kwana-kwana.

Saura abu guda, Malam, wanda ko da tukunyarka sabuwa ce fil yana nan. Duk wutar da ke ci a rufaffen ɗaki tana cinye iskar da mu ke shaƙa, in iskar ta yi ƙaranci kuma sai ta fara fitar da wata iskar guba, kabon monokzaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai ke kashe masu kwana da kaskon gawayi ko janareta a ɗaki. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai, wucewa kawai ya ke yi. Wasu hitocin suna da abin da ke kashe su da kansu in iska ta ragu, amma kayan gwanjo wa ya san ko nasa na aiki? Saboda haka a bar taga a ɗan buɗe, a nisanta hita da gidan sauro da labule da katifa aƙalla taku biyu, a ɗumama ɗaki kafin kwanciya, sa'an nan a kashe. Ba a barci hita na ci.

Su kuma waɗancan korran biyu da suka ƙare, kada ka jefa su a bola inda a ke cinna wuta, kada ka ba yara su yi wasa, kada kuma ka huda su, domin ko an ce ta ƙare da sauran gas a ciki. Ka ɗaura kowace a hitar a tsakar gida ta ci har wutar ta mutu da kanta. In za ka ba 'yan gwangwan, ka gaya musu ko mene ne, kada wani ya sa mata wutar yanka ƙarfe.

Da fatan Malam ka gamsu. A gaida mana Hajiya da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa a fita hunturun nan lami lafiya. Mai wata tambaya ya rubuto mana, ƙofa a buɗe ta ke. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.