Kafin Mu Sayo wa 'Ya'yanmu Kwamfutar Wasa ta Hannu



Da yawanmu 'ya'ya sun matsa mana lamba a sayo musu kwamfutar tebur ta wasanni, alhali albashin malami ba ya kai ga sabuwa. Ta hannu da aka gyara ba ta da aibu, muddin an duba abu huɗu.

Na farko, katin hoto, domin shi ke ɗaukar nauyin wasa. Tsohuwar kwamfutar ofis da aka ƙawata da fitilu ba ta zama ta wasa ba. Na biyu, tsufan injin: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar, in Intel ne, ƙarni na 8 zuwa sama. Na uku, RAM ta kai 16GB, tare da SSD. Na huɗu, a ware kuɗin UPS, domin ɗaukewar wuta kwatsam tana lalata bayanai.

Kada a biya sai an kunna wasa a gaban mai shago na rabin awa, an kuma karɓi rasit da garanti a rubuce. Kuɗin adashe ne, ba tsintuwa ba. In an zaɓa da kyau, a kanta yaron zai yi atisayen jarrabawar JAMB.