Katin Inshora a Hannu, Magani Babu a Asibiti: Shirye-shiryen Tazarar Haihuwa na Jihohin Amurka da Matan Inshora Mai Zaman Kanta



Duk lokacin da wata jiha a Amurka ta ƙaddamar da shirin sauƙaƙa samun magungunan tazarar haihuwa, hankali yakan koma kan matan talakawa da ke ƙarƙashin Medicaid, wato inshorar gwamnati, da waɗanda ba su da inshora sam. Su aka nufa da shirin, su ake ƙirgawa a rahoto. Wannan takarda kuwa ta waiwayi wani rukunin da ake ɗauka bukatarsa ta riga ta biya: matan da ke da inshorar kamfani mai zaman kansa, galibi ta hanyar wurin aikinsu ko na mazajensu ko na iyayensu. Su ne suka fi yawa a cikin matan Amurka masu shekarun haihuwa.

Akwai dalilin da ya sa ake musu wannan ɗauka. Tun daga watan Agustan 2012, dokar lafiya ta zamanin Shugaba Obama ta wajabta wa yawancin kamfanonin inshora biyan kuɗin magungunan hana ɗaukar ciki ba tare da mace ta cire ko sisi daga aljihunta ba. Masu bincike na Jami'ar Pennsylvania sun ƙiyasta a 2015 cewa mai shan ƙwayoyi tana samun rarar kimanin dala 255 a shekara. Robar mahaifa, wadda kuɗinta da na sakawa kan kai dala dubu, ta zama kyauta a rubuce.

To amma a ɗauki mace ma'aikaciya da ta nemi izini a ofis ta je wajen likitanta tana son a saka mata ashanar fata ko robar mahaifa. Likita ya saurare ta, ya amince, sannan ya ce babu a ajiye. Ƙananan asibitoci da yawa ba sa son ɗaure kuɗinsu a kan kaya mai tsada da ba su san ranar da za a nema ba, don haka sai an yi odarsa da sunanta, an jira inshora ta sa hannu, sannan a ba ta wata rana. Wata rana kuwa tana nufin wani izinin a wurin aiki, da neman mai riƙe yara, da kuɗin mota. Wasu ba sa komawa. Wani lokacin ma likitan bai taɓa samun horon sakawa ba, sai ya rubuta mata ƙwayoyi kawai, ta tafi da abin da ba shi ta zo nema ba.

A nan ne jihar Delaware ta zama abin nazari. Ƙaramar jiha ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba a lokacin, amma alƙaluman cibiyar Guttmacher na 2010 sun nuna kashi 57 cikin ɗari na cikin da aka ɗauka a jihar ba a shirya masa ba. Gwamna Jack Markell ya haɗa hannu da ƙungiyar Upstream USA aka kafa shirin DelCAN, wanda ya kankama a 2016. Abin da ya bambanta shi shi ne bai tsaya a asibitocin talakawa ba. An bi manyan asibitoci da ƙanana, na gwamnati da na kuɗi, ana horar da likitoci da ma'aikatan jinya, har da masu karɓar kati a bakin ƙofa da masu rubuta takardun neman kuɗi daga inshora. An taimaka wa asibitoci su ajiye kaya, domin a biya wa mace bukata a ranar da ta zo. An kuma koya wa ma'aikata su riƙa tambayar kowace mai shekarun haihuwa ko tana da niyyar ɗaukar ciki a shekara mai zuwa, a bi amsarta: mai so a shirya ta, wadda ba ta so a nuna mata hanyoyi.

Nas ɗin da ta koyi saka ashana ba ta duba kalar kati kafin ta yi amfani da iliminta. Ɗakin da aka ajiye kaya ɗaya ne. Ta haka amfanin shirin ya tsallaka zuwa ga matan inshora mai zaman kanta, kuma masu bincike na Jami'ar Maryland da suka bi takardun biyan kuɗinsu sun ga ƙaruwa a yawan masu karɓar hanyoyi masu daɗewa, wato robar mahaifa da ashana, idan aka kwatanta da wasu jihohi. Ƙaruwar 'yar daidai ce, amma ta tabbatar da cewa akwai matan da kuɗi bai hana su ba, tsarin asibiti ne ya hana su.

Colorado ta bi wata hanyar daban tun 2009. Da tallafin gidauniyar Susan Thompson Buffett, ta raba robar mahaifa da ashana kyauta ko da rangwame a asibitocin tsarin iyali masu samun kuɗin tarayya, kuma haihuwa tsakanin 'yanmata masu ƙasa da shekara 20 ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 2013. Irin waɗannan asibitoci ma masu inshora suna zuwansu, saboda sirri. Doka ta bar yara su zauna a inshorar iyayensu har shekara 26, kuma kamfani kan aika takardar bayanin abin da aka biya zuwa ga mai sunan inshorar. Matashiya 'yar shekara 24, ko matar da ke zaune da miji mai duka, na iya gwammace ta ɓoye katinta ta biya da kanta. California na cikin jihohin da suka yi dokar da ta ba mutum damar neman a aiko masa da takardarsa kai tsaye.

Wasu jihohin sun taɓa kantin magani ne. Daga Janairun 2016 Oregon ta ba masu haɗa magunguna ikon rubuta ƙwayoyi ba sai an ga likita ba, ta kuma tilasta wa inshora ba da na wata 12 a lokaci guda. Hujjar na da ƙarfi: wani bincike na 2011 a California ya nuna matan da aka ba na shekara guda sun fi waɗanda ake ba na wata ɗaya ko uku tsira daga cikin da ba a shirya ba da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Sai dai akwai katangar da dokar jiha ba ta iya tsallakewa. Wata dokar tarayya ta 1974, ERISA, ta cire kamfanonin da ke biyan kuɗin lafiyar ma'aikatansu daga asusunsu daga ƙarƙashin dokokin inshora na jihohi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikata masu inshorar wurin aiki a irin wannan tsari suke. Mata biyu na iya tsayawa a layi ɗaya a kantin magani a birnin Portland na Oregon, katinsu ɗauke da tambarin kamfani ɗaya, a ba ɗaya na shekara a ce wa ɗayar na wata uku ne haƙƙinta. Ƙari a kan haka, hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Hobby Lobby ya ba wasu masu kamfanoni damar ƙin biya bisa dalilin addini. Shi ya sa a ganin mai wannan takarda, kuɗin da jiha ta kashe wajen horar da ma'aikata da ajiye kaya ya fi isa ga jama'a da yawa a kan doka tsagwaronta.

Dole a yi kashedi a nan. Amurka na da tabo a wannan fage: North Carolina kaɗai ta tsayar da haihuwar kimanin mutum 7,600 tsakanin 1929 da 1974, da yawansu ba da son ransu ba. Shirin da ake auna nasararsa da yawan robar da aka saka na iya sa ma'aikaci ya matsa wa mace. Wadda aka saka wa ashana cikin minti biyar ta cancanci a cire mata ranar da ta ce tana son haihuwa ko jikinta bai karɓa ba, ba tare da ja-in-ja ko ƙarin kuɗi ba.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta, kuma dokar 2022 ta mayar da inshorar lafiya wajibi. Yayin da ma'aikata ke ƙara shiga tsarin, takardar na kira ga hukumomin inshora na jihohi da ma'aikatun lafiya su sanya asibitocin kuɗi cikin horo da rabon kaya, su kuma fayyace a rubuce cewa sakawa da cirewa duk suna cikin abin da kati ke biya.