Iska Ba Ta San Kan Iyaka Ba: Darasi Daga Tekun Baltik



Ina godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba ni wannan dama, kuma zan yi amfani da ita in yi magana a kan wani teku da ke can arewacin Turai, watau Tekun Baltik, da irin ƙazantar da iska take kwasowa daga ƙasashen da ke kewaye da shi tana zubawa a cikinsa. Na san wani zai ce, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa ɗalibin da ke nan da tekun da wani sashinsa yakan daskare da ƙanƙara kowace shekara? Amsar ita ce, a nan an daɗe ana auna abin da ƙasashe maƙwabta suke yi wa ruwan da suka yi tarayya a kansa, ana rubutawa shekara bayan shekara. Duk wanda yake son ya san ko yarjejeniyar ƙasa da ƙasa tana da wani amfani, to, ya dubi wannan lissafi.

Ƙasashe tara ne suka yi iyaka da Tekun Baltik: Danmak, Jamus, Folan, Lituweniya, Latbiya, Istoniya, Rasha, Finlan da Suwidin. Teku ne marar zurfi, don matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 55 ba, kuma wurin da ya fi zurfi duka mita 459 ne. Ƙofarsa zuwa babban teku 'yar ƙarama ce, wasu matsattsun mashigai ne tsakanin Danmak da Suwidin, saboda haka ruwan da ya shiga cikinsa yakan yi shekara 25 zuwa 30 kafin ya sake fita. Ƙasar da kogunanta suke malalowa cikinsa ta ninka shi girma wajen sau huɗu, kuma mutum kimanin miliyan 85 ne suke zaune a cikinta. Ashe ke nan ya fi kama da ƙaton tafki, wanda duk abin da aka jefa a ciki yana nan har 'ya'yan wanda ya jefa su girma.

Sinadarin da muke magana a kansa shi ne naitirojin. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma a wannan siffa tasa ba ya cutar da kowa, kuma tsiro ba ya iya cinsa kai tsaye. Sai an sāke masa siffa tukuna yake zama abincin tsiro. Ɗan Adam ya gano hanyoyi biyu manya na yin haka. Ta farko da gangan ce: a 1909 wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya haɗa amoniya daga iska, a 1913 kuma Carl Bosch ya mai da abin sana'ar masana'anta, daga nan takin zamani ya samo asali. Ta biyu kuwa ba da gangan ba ce: duk inda aka ƙona mai ko kwal da zafi mai tsanani, ko a injin mota, ko a jirgin ruwa, ko a tashar wutar lantarki, naitirojin na iska yakan haɗu da oksijin ya fita cikin hayaƙi. Don sauƙin bayani zan kira na farko naitirojin na gona, watau amoniyar da ke tashi daga kashin dabbobi da takin da aka watsa, na biyu kuma naitirojin na hayaƙi.

Waɗannan biyu halinsu ya bambanta in sun hau iska. Yawancin amoniya takan sauka kusa da inda ta tashi, ko da yake wani kashi nata yakan yi nisa. Na hayaƙi kuwa matafiyi ne, yana iya cin ɗaruruwan kilomita kafin ruwan sama ya wanko shi ƙasa. Iskar da ta fi kaɗawa a wannan yanki daga yamma da kudu maso yamma take zuwa, saboda haka Jamus ce kan gaba cikin ƙasashen da naitirojin ɗinsu yake sauka a Baltik, Folan ma tana cikin na gaba-gaba. Har ila yau akwai kason Ingila da Faransa da Holan, ƙasashen da ko taku ɗaya na gaɓar wannan teku ba su da shi. A jimlace, wajen tan 200,000 na naitirojin ne yake faɗowa kan ruwan daga sama kowace shekara, watau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukan abin da yake shiga tekun. Sauran ta koguna da magudanan birane yake biyowa.

To, mene ne aibin taki a cikin ruwa? Aibinsa shi ne yana yin aikin da aka san shi da shi. Gansakuka da sauran ƙananan tsire-tsiren ruwa sukan samu abinci fiye da kima, su yi ta yaɗuwa har ruwan ya yi duhu. In sun mutu sai su nutse ƙasa, ƙwayoyin da ke ruɓar da su kuma su shanye oksijin ɗin da ke can. A Baltik ruwan gishiri mai nauyi yana kwance a ƙasa, ruwa mai ɗan daɗi yana sama, ba su cika gauraya ba, don haka oksijin na sama ba ya isa ƙasa. Sai an yi wata babbar guguwa ta turo sabon ruwa daga Tekun Arewa, kamar yadda aka yi a 1993 da 2003 da Disamba 2014, sa'an nan ƙasan tekun yake ɗan numfasawa. A farkon ƙarni na 20 filin da ba shi da isasshen oksijin kimanin kilomita murabba'i 5,000 ne. Bayan shekara ɗari da 'yan kai ya kai wajen 60,000, watau ya fi ƙasar Danmak girma. Wani abin takaici kuma, in oksijin ya ƙare sai laka ta saki fosfaras ɗin da ta riƙe, shi kuma ya ciyar da wata irin gansakuka da ke iya jawo naitirojin daga iska da kanta. Ta haka cutar take ciyar da kanta.

Masunta ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Kifin kod na gabashin Baltik, wanda ƙwansa yake bukatar ruwan zurfi mai gishiri da oksijin, ya rame ya ragu, ga kuma yawan kamu da aka daɗe ana yi masa, har a 2019 Tarayyar Turai ta hana kamunsa. Iyalan da suka gaji su kaka da kakanni sai ɗaure jiragensu suka yi.

Yanzu bari mu duba abin da ƙasashen suka yi. A 1974, lokacin da Turai take rabe biyu, Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta a gefe guda, ƙasashen Yamma a ɗaya gefen, ƙasashen gaɓar Baltik suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Helsinki don kare tekun. Ta fara aiki a 1980, aka sabunta ta a 1992, kuma hukumar da ke kula da ita ita ce ake kira Hukumar Helsinki. Game da iska kuwa, tun 1967 wani masani ɗan Suwidin, Svante Odén, ya nuna cewa ruwan sama mai tsami da ke lalata tafkunan ƙasarsu daga hayaƙin wasu ƙasashe yake zuwa. Wannan magana ce ta kai ga yarjejeniyar Janiba ta 1979 a kan gurɓatacciyar iska mai ƙetare iyaka, da ƙarin da aka yi mata a Sofiya a 1988 game da naitirojin na hayaƙi, da na Gotenbag a 1999 wanda ya shigo da amoniya cikin lissafi. A ƙarƙashinta kowace ƙasa tana ba da rahoton abin da ta fitar, masana a birnin Oslo kuma suna haɗa rahoton da bayanin iska da ruwan sama, su fito da kason kowa. Suna ma tace tasirin yanayi daga lissafin, don kada shekarar da aka yi ƙarancin ruwan sama ta sa wata gwamnati ta yi tutiya da aikin da ba ta yi ba.

A 2007 a birnin Kirako na Folan aka amince da shirin ceto tekun, a 2013 kuma a Kofanhagan aka tsai da adadi. Tsakanin 1997 da 2003 kimanin tan 910,000 na naitirojin ne yake shiga tekun kowace shekara ta ruwa da ta iska; aka ce abin da zai iya ɗauka bai wuce tan 792,000 ba; aka raba ragin tan 118,000 ɗin nan tsakanin ƙasashe, kowa da kasonsa. An sabunta shirin a 2021.

Me lissafin ya nuna daga 1990 zuwa yau? Abu na farko, naitirojin na hayaƙi ya ragu ƙwarai da gaske. Wani sashe na ragin ba dabarar kowa ba ce: haɗewar Jamus a 1990 da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 sun rufe tsofaffin masana'antu masu yawa. Amma babban sashe doka ce ta kawo shi. Daga farkon shekarun 1990 aka tilasta sa wa sababbin motocin fetur na'urar tace hayaƙi, aka yi ta tsananta ma'aunin, tashoshin lantarki su ma aka sa musu matata. Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba, don a 2015 aka kama kamfanin Volkswagen da maguɗi, motocinsa na dizal suna nuna tsabta a ɗakin gwaji alhali a kan titi suna fitar da ninkin abin da doka ta yarda. Jiragen ruwa kuma, waɗanda wajen 2,000 suke kan tekun a kowane lokaci, an daɗe ba a tsananta musu ba. Sai daga 1 ga Janairu 2021 aka wajabta wa sababbin jiragen da ke aiki a Baltik da Tekun Arewa su rage wannan hayaƙi da kimanin kashi 80 cikin ɗari. Da yake jirgi yakan yi shekara 25 ko fiye yana aiki, amfanin dokar sannu a hankali zai bayyana.

Abu na biyu, kuma shi ne zuciyar jawabina, amoniya ba ta ragu kamar haka ba. Bayan faɗuwar da ta yi lokacin da gonakin gwamnati na gabashin Turai suka watse, sai ta kusan tsaya cik, a wasu ƙasashe ma ta ɗan ƙaru na wani lokaci. Yau kusan rabin naitirojin da ke sauka kan tekun na gona ne. Dalilin a fili yake. Kamfanonin ƙera mota ƙalilan ne, in an matsa musu an gama. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na amoniyar Turai kuwa daga noma da kiwo take fitowa, daga dubban ɗaruruwan garkuna da gonaki, kuma masu su suna da ƙuri'a da bakin magana. Ga shi mutanen birni ba su rage cin nama da madara yadda za a rage dabbobi ba.

Duk da haka an ga inda aka yi nasara. Danmak, wadda aladunta sun kusan ninka mutanenta biyu, ta tilasta rufe rumbunan kashin dabbobi, ta hana watsa shi sama-sama, ta sa ana zuba shi dab da ƙasa ko a cusa shi ciki, amoniyarta kuwa ta ragu sosai ba tare da kiwonta ya durƙushe ba. Jamus kuma daga 2020 ta ce duk mai sa takin yuriya ko dai ya haɗa shi da maganin da ke hana shi tashi, ko ya binne shi cikin awa huɗu. Wannan riba ce ga manomi, domin takin da ya bi iska kuɗinsa ne ya bi iska.

Shin tekun ya warke? Bai warke ba. Binciken da Hukumar Helsinki ta fitar a 2018 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na tekun yana fama da yawan taki, na 2023 kuma ya ce kashi 94. Abin da aka tara cikin laka shekara da shekaru ba ya fita dare ɗaya, ɗumamar ruwan kuma tana ƙara rage oksijin. Daɗin daɗawa, bayan da Rasha ta afka wa Yukren a 2022 an dakatar da tarurrukan hukumar da aka saba yi tare da ita, ga shi kuwa birninta na Sen Fitasbag a bakin wannan teku yake.

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muke ganin ƙurar hunturu tana tasowa daga ƙasar Cadi ta rufe mana gari ba ma bukatar a gaya mana iska ba ta neman biza. Muna da ruwan tarayya, ga Tafkin Cadi da hukumarsa tun 1964, ga Tekun Gini da Yarjejeniyar Abijan ta 1981. A 2022 an buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Ƙasarmu ta noma tana yunwar taki, kuma lalle a ƙara mata, amma yuriyar da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa mai zafi ba a rufe ta ba, wani kaso nata mai yawa sama yake tafiya. Motocin da ake kawo mana na hannu kuma sau da yawa an cire musu na'urar tace hayaƙin nan an sayar, ga janareto a kowane lungu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya sa mutanen Baltik suka iya gane inda suka ci nasara da inda suka gaza shi ne sun fara awo tun ana gaba tsakaninsu, kuma sun yarda a buga kason kowa a fili. Awon nan aikin masu ilmi ne. Ina roƙon 'yan sashen aikin gona su kai maganar binne taki ga manoma, 'yan kimiyya su nemi a kafa wuraren auna ruwan sama da iska a jami'o'inmu, 'yan shari'a kuma su karanci waɗannan yarjejeniyoyi da idon basira.